Kwana biyar a tsibiri, ba aikin fari bare na baƙi

Ranar da muka cika kwana biyar a cikin mota, a garin Kayes na ƙasar Mali, na sunkuya zan saka wa Inna takalmi mu sauka sallah, sai takalmin ya ƙi shiga. Silifa ne fa, ba sau-ciki ba. Na ɗaga bakin zaninta na duba, sai na ga ƙafafun sun kumbura sumtum, idon sawu ya ɓace gaba ɗaya. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta fizge zaninta ta ce, "Ke dai miƙo mini buta, ba a tona wa tsohuwa asiri a tasha."

A watan Fabrairun 2011 ke nan, muna kan hanyar Kaulaha ta ƙasar Senegal. Inna ta daɗe da burin halartar Maulidi a Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyass. Mutanen Kano sun daɗe suna bin wannan hanya, tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero wanda suka haɗu da Shehu a Makka a 1937, kuma rasuwar Shehun a 1975 ba ta yanke zuwan ba. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya yi mata alkawarin zai kai ta, rai ya yi halinsa kafin ya cika. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu. Yayyena maza biyu suka haɗa kuɗin mota, ni kuma da yake ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, aka ce ni zan raka ta. Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya, ni ma ban tambayi kaina ba. Wa zai kai ta banɗaki? Wa zai cuɗa mata baya? 'Ya'yana huɗu na bar wa ƙanwar maigidana, har da autana wanda bai fi wata huɗu da yaye ba.

Wadda ba ta taɓa yin irin wannan tafiya ba, bari in ɗan zayyana mata. Daga Kano sai Katsina, Jibiya, a tsallaka Maraɗi, a miƙe yamma ta Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Dosso har Yamai. Daga nan a shiga Burkina Faso ta Fada Ngurma, Wagadugu, Bobo. Sai Mali: Sikaso, Bamako, Kayes. A haye gadar kogin Faleme a Kidira, an shiga Senegal ke nan, amma da sauran aiki, don sai an wuce Tambakunda kafin Kaulaha. Ya haura kilomita 3,000. Sauƙin abin ɗaya ne, da zarar kin canji naira zuwa sefa a Maraɗi, kuɗin nan ne za ki kashe har Senegal. Wahalar kuwa iyakoki ne. Wani wurin a tara takardu a tafi da su, ku shimfiɗa tabarma a gefen titi ku kwana kuna jira. A lokacin ma hanyar tana biyuwa. Yau da rashin tsaro ya cinye yankunan nan na Burkina da Mali, ba zan ba kowa shawarar ɗaukar tsohuwa ya bi ta ba.

Tun kafin mu kai Dosso na zama 'yar aiken motar. "'Yar nan, ɗebo mini ruwa." "'Yar nan, jiƙa mana gari." "'Yar nan, duba mini ko lokacin maganina ya yi." Tsofaffi mata sun kai goma sha biyar, kuma gaskiya ba wadda ta tilasta mini. Ni ce ma nake riga su. In mota ta tsaya ni ce farkon sauka, ni ce ƙarshen shiga. Ina jin daɗin "Allah ya yi miki albarka" da suke ta zuba mini, har ina ganin ladan tafiyar ya ninku. Abin da ban lura da shi ba shi ne tsohuwar da aka aiko ni dominta. Inna ta daina shan ruwa tun daga Yamai, don kada fitsari ya matse ta ta sa a tsayar da motar mutum sittin saboda ita. Maganin hawan jininta ma ta ajiye, wai yana sa ta yawan zagawa. In an tsaya sai ta ce ba za ta sauka ba, hawa da sauka wahala. Ni kuma ina can ina kwaɗa wa matan wasu gari da ƙuli.

Daren kwana na shida muka shiga Kaulaha. Garin gyaɗa ne da gishiri, a bakin kogi za ki ga tulin gishiri fari fat kamar an zube buhunan auduga. Ga zafi, ga sauro, ga jama'a kamar ƙasa. Mutanen Madina Baye suna buɗe gidajensu ga baƙi a lokacin Maulidi, kuma suna ciyar da su ba ko sisi. Aka sauke mu a wani gida, mu ashirin da wani abu a ɗaki guda. Daren Maulidi na samo wa Inna kujera, ta zauna tana hawaye har asuba ta kusa. Ta ce mini ko yanzu ta mutu ta gode Allah. Na ce, "Inna, ki bari mu koma gida tukun."

Washegari na matsa mata muka je wani ƙaramin asibiti, wani ɗalibi ɗan Damagaram ya yi mana tafinta. Likitan ya auna jininta ya girgiza kai. Ya mammatsa sha-raɓarta yana tambaya ko da zafi, ta ce babu. Ya ce an taki sa'a, tunda ƙafa biyun ne suka kumbura daidai kuma ba ciwo a gefe guda, bai ga alamar jini ya daskare a jijiya ba. Amma ya ce dogon zama a takure yana kawo haka, kuma in gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana iya faɗuwa nan take. Hukuncinsa: kada a sake saka ta doguwar mota sai bayan mako guda aƙalla. Ta koma shan maganinta, ta sha ruwa, ta rage gishiri, ta riƙa ɗaga ƙafa sama in ta kwanta, ta riƙa ɗan takawa safe da yamma.

Motarmu kuwa jibi za ta juya. Madugun ayarinmu mutumin kirki ne, amma ya gaya mini gaskiya, ba zai tsare mutum sittin mako guda saboda biyu ba. Iyakar abin da ya iya, ya haɗa mu da wani ayarin 'yan Maraɗi da za su tashi bayan kwana takwas, suka ce akwai kujera biyu. Rabin kuɗin komawarmu ya bi ruwa, sai da Yaya ya sake aiko mana da wasu.

Da daddare na kira gida. Maigidana ya ce auta yana zazzaɓi tun shekaranjiya, an kai shi an yi masa allura, amma ba ya cin abinci, sai kiran "Umma". Na gaya masa abin da likita ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ke kika san abin da ya dace." Duk matar aure ta san nauyin wannan magana. Ba a hana ki ba, ba a kuma ce ki zauna da daɗin rai ba, an dai ɗora miki kayan a ka an koma gefe. Ga uwa, ga ɗa, tsakaninsu ƙasashe huɗu. Na zagaya bayan gidan, wajen da aka kife manyan tukwane, na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata.

A nan wata mata ta same ni. Tana cikin masu girkin gidan, doguwa, baƙa, za ta yi shekara hamsin, kullum da ludayi a hannu. Ta yi mini magana da Wolof ban gane ba, ta gwada Faransanci ban gane ba. Sai ta kama hannuna ta kai ni wajen Inna. Inna Bafulatana ce ta wajen uwa, tana jin Fulatanci sosai, matar kuma tana ɗan taɓa irin na Fulanin Senegal. Da guntun wannan da guntun wancan suka fahimci juna. Can sai na ga Inna tana dariya har da tafa hannu, abin da rabona da gani tun Katsina. Ashe matar 'yar ƙabilar Serer ce, kuma akwai wasa tsakaninsu da Tukulor masu jin Fulatanci, irin na Fulani da Barebari a wajenmu. Da jin Inna ta yi Fulatanci, sai ta ce ai baiwarta ce ta zo, dole ta tafi da kayanta gida. Gidan nata a wani tsibiri yake, Mar Loj, inda kogin Salum yake rarrabuwa kafin ya shiga teku. Ta zo taya girkin Maulidi ne, gobe za ta koma. Ta ce a ɗakin nan mai mutum ashirin ƙafar tsohuwa ba za ta saɓe ba, mu biyo ta.

Na yi ta jan ƙafa. Ba mu san ta ba, ba mu jin yarensu, ga ruwa. Inna ce ta yanke magana: "Wadda ta ciyar da ke kwana uku ba ki biya ba, ita za ki ji tsoro?"

Muka shiga irin tsohuwar fijo ɗin nan mai cin mutum bakwai, na biya wa Inna kujerar gaba don ta miƙe ƙafa, muka bi ta Fatik muka gangara zuwa wani ƙauyen bakin ruwa, Ndangan. A nan titi ya ƙare. Aka ɗauki Inna cak aka saka ta cikin dogon kwalekwale mai inji, wanda aka yi wa fenti ja da shuɗi da rawaya. Ta runtse ido, ta damƙe hannuna, ba addu'ar da ba ta karanta ba. Ni ma dauriya kawai nake yi, don iyakar ruwan da na taɓa sani shi ne Tiga, shi ma daga nesa. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ta kowane gefe wasu itatuwa ne kore shar da suke tsirowa a cikin ruwan gishirin, saiwoyinsu a waje kamar sun tattare zani suna tsaye a kan yatsu. Fararen tsuntsaye irin balbela sun cika su.

Abin da ya fara dukan kunnena da muka sauka shi ne shiru. Babu mota a tsibirin, ko ɗaya. Amalanken doki ne abin hawa, hanyoyin kuma duk yashi ne fari mai laushi. Bayan kwana goma ina cikin ƙarar inji da lasifika da hayaniyar tasha, sai na ji kamar an cire mini wani abu daga cikin kai. Ga kuka, ga giginya, kamar a karkarar Katsina, amma iskar da ke kaɗawa mai sanyi ce mai ɗanɗanon gishiri. A bakin ruwa akwai 'yan bukkokin saukar baƙi, na hango Turawa kwance cikin wata raga da ake ɗaurawa tsakanin bishiya biyu, suna lilo da littafi a kan ƙirji. Na ce a raina, ka ga marasa aikin yi, sun biya kuɗin jirgi sun zo kwanciya.

Aka ba mu ɗaki mai gado ɗaya da gidan sauro. Muka ci shinkafa da kifi, irin dafa-dukar da suke kira cebujen, a faranti guda, uwar gida tana yago tsokar kifi tana turowa gabanmu. Na yi sallar azahar na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ban farka ba sai da na ji kiran asuba. Na zabura a firgice ina laluben ɗankwali, zuciyata tana cewa ban dafa ruwan wankan yara ba, ban ɗora koko ba. Sai da na ga ragar sauro da Inna a gefena tana jan carbi, ƙafafunta a kan filo biyu, sannan na tuna inda nake. La'asar, magariba da lisha duk sai ramuwa na yi. Na ce, "Inna, me ya sa ba ki tashe ni ba?" Ta ce ta taɓa ni sau biyu, kamar ta taɓa gawa.

Kwana na biyu ne na yi abin kunya. Gari na wayewa na ɗauki tsintsiya, wata yarinya ta karɓe. Na nufi murhu, aka kore ni da dariya. Na rasa inda zan sa kaina. Sai na tuna da kayanmu masu datti na kwana goma, na kwashe su na nufi bakin ruwa da sabulu. Na cuɗa, na cuɗa, ko kumfa babu, ashe sabulu ba ya kumfa a ruwan gishiri. Na dawo gida, na ga manyan jarkoki a jere a inuwa, na tuttule uku a baho na yi wankina tas, na shanya, ina jin kaina wata gwana. Da 'yan matan gidan suka dawo sai na ga sun tsaya suna kallon jarkokin suna kallon juna. Ruwan shan gidan ne na kwana biyu. A tsibirin ruwa ya kewaye ka ta ko'ina amma na sha wahala yake, rijiyoyi da yawa zartsi ne da su, mai daɗin sai an je nesa. Yaran nan haka suka ɗaura doki da rana tsaka suka koma ɗebowa. Uwar gida ta yi ta dariya tana gaya wa Inna cewa 'yar baiwarta ba ta da hankali, amma ni ko abincin rana kasa ci na yi. Ƙaiƙayin hannuna ne ya ƙara musu aiki, kuma in don Allah ne, ba don su na yi wankin ba. Don kaina na yi, don kada a gan ni zaune.

Daga ranar na fara zama dole, kuma zaman ne ya sa na lura da ruwan. Ni 'yar Kano ban taɓa sanin ruwa yana tafiya ya dawo ba. Da safe ki ga ya cika har gindin bishiyoyi, bayan kamar awa shida ya janye can nesa ya bar taɓo da kwalekwale kwance a ƙasa, sannan ya sake dawowa. Sau biyu kullum, kuma lokacin yana ɗan matsawa gaba kowace rana, don da wata yake tafiya. Aikin matan garin duk a kansa yake. In ya janye sai su fita da wuƙaƙe da bokitai, su shiga taɓo har gwiwa, suna ɓamɓaro wasu halittu masu ɓawo irin dodon-koɗi daga saiwoyin itatuwan nan, wasu kuma suna tono su cikin yashi. Su dawo su tafasa, su ɓare, su shanya naman, a kai kasuwa. Aiki ne mai cin jiki, na ga tafin hannun uwar gidanmu duk tabon yanka. Sun gaji sana'ar tun kaka da kakanni, har ɓawon da aka yi ta zubarwa shekaru aru-aru ya taru ya zama tuddai a yankin, kuka ta tsiro a kansu. 'Yan watanni bayan dawowarmu, a cikin 2011 ɗin, UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma in ruwa ya dawo, aikin fita ya tsaya. Sai ki ga mata sun baje a inuwa, ana kitso, ana dafa shayin nan nasu mai zagaye uku, wata ta miƙe tana barci a bainar jama'a da rana tsaka. Ba wadda take ɓoyewa, ba wadda take zabura in ta ji takun namiji. Na zauna ina tunanin gidana. Mu namu aikin ba shi da lokacin janyewa. Kin gama wanke-wanke tulin wanki yana kallonki, kin gama wanki lokacin ɗora sanwa ya yi. In kin kwanta da rana kuma kika ji sallama, sai ki tashi da sauri ki gyara ɗankwali ki ce "yanzu na ɗan kishingiɗa", kamar an kama ki da sata. Wa ya koya mana wannan? Ni dai ba maigidana ba ne, bai taɓa ce mini kada in kwanta ba. A jinina na tarar da shi.

Rana ta uku da yamma, Inna tana kan tabarma a gindin wata bishiya, ƙafafun sun fara saɓewa har fatar ta yi yaushi. Ni kuma ina ta kai-kawo, in gyara filo, in kawo ruwa, in kore ƙuda. Ta ce, "Ke, kin ishe ni. Kina ta zirga-zirga kamar kazar da za ta saka ƙwai, kin tare mini iska. Zo nan." Ta zare ɗankwalina, ta ga kitson da ya yi wata guda ya cukurkuɗe, ta yi tsaki. Ta aiki yarinya ta aro mata matsefi da ɗan man kaɗanya. Ta kwantar da kaina a cinyarta ta fara tsifa.

Rabon da Inna ta taɓa kaina tun daren da za a kai ni ɗakin miji, shekara goma sha biyar ke nan a lokacin. Hannunta ya yi rauni, amma yadda take tsaga gashi da ɗan yatsa bai canza ba. Can ta ce, "Ashe har furfura ta fito miki." Ina da shekara 34. Ta yi shiru, sannan ta fara magana kamar da kanta take yi. Ta ce tun da aka kai ta gidan mahaifinmu tana 'yar shekara goma sha huɗu, ba ta tuna ranar da ta wayi gari ta kai dare ba ta hura wuta ba, in ban da kwanakin jego, su ma ba duka ba. Haihuwa bakwai, huɗu sun koma. Ta ce yau kwananta uku ana kawo mata abinci tana ci tana kallon ruwa, kuma ta duba ta ga sama ba ta faɗo ba. Ta ce, "Ni ban sha ruwa a mota ba don kada in dami mutane. Ke kuma kin bi kowa da buta don kada a ce ba ki da kirki. Duk jirgi ɗaya ya kwaso mu." Ban ce komai ba. Hawayena yana zuba a zaninta, ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da kitsonta. Shuku ta yi mini, ya karkace gefe guda, na bar shi har Kano.

Bayan nan sai jikina ya saki. Sauran kwana biyun ba ni da wani labari mai yawa a kansu, kuma ina ganin daɗinsu ke nan. Ina tashi in yi sallah in koma. In rana ta yi sanyi in riƙe hannun Inna mu taka zuwa bakin ruwa, ta tsoma ƙafa tana cewa wai na kakanninta ne. Na sha zoɓo, wanda su suke kira bisap, da wani farin abin sha mai kauri da suke yi da garin 'ya'yan kuka. Wata yamma 'yan matan gidan suka ja ni cikin ruwa da zanina da komai, a wani lungu da ba maza. Suka ce in kwanta rigingine in saki jiki. Na ƙi, na ƙi, sannan na yarda, ɗaya ta tallafe ƙeyata. Gishirin ruwan yana da yawa har yana ɗaga mutum. Ta zare hannunta ban sani ba. Ina kwance a kan ruwa, kunnuwana a ciki, ba na jin komai sai numfashina, ina kallon sama. Raga irin ta Turawan nan ma na hau ta a ƙarshe, kuma na janye maganar da na yi a kansu.

Sau ɗaya muka fita yawo, a amalanke, zuwa babban ƙauyen. Akwai masallaci, akwai coci, kuma a gida ɗaya sai ki sami Musulmi da Kirista 'yan uwan juna. Suka kai mu wajen wasu bishiyoyi uku da suka tsiro a wuri guda suka sarƙe da juna, waɗanda mutanen garin suke misalta zamansu da su. Kafin a yi mana bayani Inna ta ɗaga kai ta lissafa su: rimi, giginya, maɗaci. Ta ɓantari ɓawon maɗacin ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce na nan ma ɗacinsa ɗaya da na gida.

Wayar gida kuwa sai an je wani tudu kusa da bakin ruwa ake samun layi. Rana ta huɗu na kira. Zazzaɓin ya sauka. Ina jiyo auta a bayan wayar yana ƙyalƙyala dariya, aka ce ya zo ga Umma, ya ce shi wasa yake yi. Na yi hamdala, amma ba zan ɓoye muku ba, wani abu ya soke ni a ƙirji. Ashe gidan bai rushe ba. Na kwana ina juya abin, ina jin sauƙi ina jin haushi. Daga baya na gane ba haka kawai ya tsaya ba: ƙanwar maigidana ce da babbar 'yata mai shekara goma sha biyu suka ɗauke shi a kansu. Hutun da na yi a tsibiri, wasu mata ne suka biya shi, a can da nan. Ko yanzu in na ji ana cewa mace ta riƙa hutawa, tambayar da take fara zuwar mini ita ce, wa zai karɓe ta?

Ranar tafiya uwar gida ta ƙi karɓar kuɗi, har ta ɓata rai. Inna ta ciro turmin atamfar da ta yi niyyar kai wa wata, da ragowar dambun nama da kwalbar turaren wuta, ta ce baiwa ta kawo gaisuwa. Wannan ta karɓa. Ita kuma ta ƙulla mana busasshen naman ɓawon nan da gishiri a leda. Kalma ɗaya na iya ta Wolof, "jerejef", wato na gode, ita na yi ta maimaitawa har kwalekwale ya juya. Silifan Inna ya shiga ƙafarta ba gardama.

A motar 'yan Maraɗi na canza tsari. Kujerar bakin hanya na nema wa Inna don ta riƙa miƙe ƙafa. Na sa mata gorar ruwa a cinya, ina duba yadda take raguwa. Duk inda aka tsaya, ko minti goma ne, sai ta sauka ta zagaya motar sau biyu, tana mita ina ja. Sau uku na tashi da kaina na ce wa direba ya tsaya tsohuwa za ta zagaya, kuma duk sanda ya tsaya sai mata biyar ko shida su biyo mu, ashe kowa a matse take tana jin nauyi. Akwai tsofaffi a wannan motar ma, na taimaka wa wadda ta nema, amma ban bi kowa da buta ba. Na ji wata tana cewa 'yan Kano ba su da sakin jiki. Na jingina kai da taga na yi barcina.

Kwana ashirin da uku muka yi rabonmu da gida. Da na shiga, manyan suka rugo suka rungume ni, auta kuwa ya laɓe bayan gwaggonsa yana leƙena, sai dare ya yarda na ɗauke shi. Kayan wanki sun cika baho biyu. Naman ɓawon nan na zuba a miyar kuka, ba wanda ya iya ci sai ni da Inna.

Na so in ce daga nan na zama wata sabuwa, amma ba haka aka yi ba. Cikin mako guda na koma gidan jiya. Abu ɗaya ne ya rage mini: wasu ranakun, in na idar da azahar, nakan shiga ɗaki in tura ƙofa in ce kada a tashe ni sai la'asar. Da farko maigidana ya ɗauka fushi nake yi, har ya aiko a tambaye ni ko lafiya. Yanzu sun saba. A mako nakan samu sau biyu, in an yi sa'a sau uku. Inna ta rasu shekara shida bayan tafiyar, a ɗakinta, kuma har ta bar duniya in na je gaishe ta na fara tattara kwanuka, sai ta ce, "Ajiye. Ruwa ya ciko." In ajiye, in hau gadonta, ta aiki jika ya kawo matsefi.